Kora da Bindigar Araha

Kasuwa uku Kora ya yi yana zirga-zirga tsakanin ƙauyensu da Faraku, ya ɗaga wannan bindiga ya ajiye, ya ɗaga waccan. Gyado na cinye masa doya, shi kuwa ya kasa zaɓa tsakanin ta jaka tamanin da ta ɗari uku irin ta yayansa Sabi. Ƙarshe ya ɗauko ta araha.

Kamar yadda maharban garin suka saba da sabuwar bindiga, ya ɗaure ta a jikin ɗorawa, ya sa igiya a kunama, ya laɓe bayan suri ya ja. Ta tashi lafiya har sau uku. Kowa ya ce ta yi. Amma Kora ya taɓa ganin irinta ta fashe a fuskar mutum, don haka kullum da safe sai ya koma gindin ɗorawa da igiyarsa.

"Maigida, bishiyar nan ta fi ka harbi," in ji matarsa Bona.

Ran da gyado ya fito masa fili cikin kunyoyin doya, ya saita, ya kawar da kai, ya runtse ido. Harsashi ya tafi sama.

Ya nufi gidan Sabi yana huci. "Yaya, ai ƙarfen ɗaya ne! Da me taka ta fi tawa?"

Sabi ya shafa kuncinsa. "Kuncin nan nake kwantarwa a kanta, ƙanena, idona buɗe. Wannan kwanciyar hankalin na saya."