Hijabin Inna da Man Shanun Dada

A daminar shekarar da aka yanke Jigawa daga jikin Kano, wata ranar Lahadi da hantsi, na tsaya a bayan mahaifiyata a bakin kasuwa ina kallon zufa tana tsattsafowa ta bayan hijabinta. Hijabin shuɗi ne mai duhu, ya sauka har ƙauri, a ƙarƙashinsa kuma akwai kwalaben soyayyen man shanu da kakata ta ɗaura mata a ƙugu da tsohon zane tun daga gida. Mu uku ne. Kakata, wato mahaifiyar babanmu, wadda muke kira Dada, tana gaba da ƙwaryar nono a ka, Inna tana biye kamar wadda ta zo rakiya, ni kuma ina baya da 'yar ƙwaryar fura. Malam Sabo mai yankan rasit yana zaune kan benci a gindin darbejiya. Aikinsa shi ne ya duba abin da kowa ya kawo sayarwa, ya karɓi harajin hukuma a kai, ya yago takarda ya miƙa. Ya ɗaga faifan Dada ya leƙa, ya leƙa nawa, ya yanka mana. Da ya zo kan Inna sai ya sunkuyar da kai, domin namiji mai mutunci ba ya ƙare wa matar aure kallo, balle ya tambayi abin da ke cikin suturarta. "Wuce, baiwar Allah," in ji shi, "Allah Ya ƙara mana irinku." Inna ta ɗaga ƙafa, kwalaben suka gogi juna suka yi ƙara, Dada ta kece da tari har muka shige layin masu nono.

Gidanmu yana wani ƙauye ne a ƙasar Miga. Asalinmu makiyaya ne, amma tun zamanin kakanmu aka zauna wuri ɗaya, aka gina ɗakunan ƙasa da rumbuna, har Fulatanci ya koma ba a jin sa sai a bakin Dada in ranta ya ɓaci. Shanunmu ba su da yawa, sai dai da damina nono yakan wadata. Da sassafe Baffa, mahaifina, yakan saki maruƙa su ɗan tsotsa, sannan a janye su a yi tatsa. Nawa aikin shi ne wanke ƙore in kife su a kan danga, in share tsakar gida, in ɗauki tsintsiya da ɗan itacen da aka ɗora wa kowane ɗalibi ya kai firamare, in ruga kafin a kaɗa ƙararrawa. Da an tashi sai gona, mu cire ciyawa a cikin gyaɗa, mu tsinko tafasa da rama, mu yanko wa awaki abin ci. In an samu sarari mu baje a gindin tsamiya muna carafke har a aiko kira, wani lokacin da bulala. Inna kuwa takan miƙe ƙafa a inuwar rumbu tana kaɗa nono a gora har mai ya taso, ta cure shi, ta tara na kwanaki, ta soya da albasa ta ɗura a kwalabe. Wannan man shi ne kuɗin gidan. Nono da fura na cefane ne kawai, amma da man shanu ake sayen sabulu da kananzir da kayan sallah, shi ya sa harajinsa ya fi na sauran ciwo.

Dada mace ce doguwa, siririya, mai zanen kalangu a fuska da bakin da ba ya ajiye magana ta kwana. Ba ta taɓa ɗaukar haraji a matsayin haƙƙin kowa ba. Ta girma a lokacin jangali, lokacin da in an ji masu ƙirgar shanu sun doso sai a kora rabin garke cikin daji, kuma takan ba mu labarin tana dariya har da tafa cinya. A wurinta wannan ba sata ba ce, wayo ne, kuma wanda bai yi ba shi ne sakarai. "Wace saniya gwamnati ta taɓa shayar min?" haka take tambaya, ba ta kuma jiran amsa. Amma kada a ɗauka macuciya ce. Ba ta taɓa surka nononta da ruwa ba, duk mai jego a unguwa tana da ƙoƙon nono a wurinta kyauta, ranar fitar da zakkar hatsi kuwa ita ke tsayawa a kan Baffa kada ya rage ko zangarniya. "Zakka ta Allah ce," in ji ta. "Wannan kuwa ta Sabo ce." Ba ita kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. A ƙofar masallaci maza sukan yi ta ja-in-ja bayan la'asar, wasu su ce haraji ba ya cikin shika-shikan Musulunci, wasu su ce ɓoye kaya ha'inci ne ko da wa aka ɓoye wa. Baffa yana saurare, ba ya tofawa, domin ya san wadda zai tarar a gida.

Hijabi kuwa sabon abu ne a garinmu a wancan lokacin. Matanmu zane suka sani da ɗankwali da mayafi, tsofaffi ma ɗan kallabi ya ishe su. Shekara guda kafin nan aka turo wani malamin firamare, matarsa Malama Hafsatu ta buɗe islamiyyar matan aure a zauren gidansu bayan la'asar. Ita ta zo da hijabi, ta kuma kafa doka cewa duk ɗalibarta sai da shi za ta fita ko'ina, wadda aka gani babu shi ta nemi wata makarantar. Gari ya rabu. Wasu suka ce ai sutura ke nan, wasu suka ce iyayenmu da suka mutu da mayafi ba arna ba ne. Dada tana cikin na biyu, har ta laƙaba masa suna buhun gero.

Inna ba ta taɓa zama gaban malami ba tun tana yarinya, domin lokacin da sa'o'inta ke wanke allo ita tana bin maruƙa. Ta sayar da akuyarta ta sadaki ta ɗinka hijabi, ta sayi ɗan littafin baƙi da izu biyar na ƙasa. Babu abin da ta mallaka a gidan nan wanda yake nata ita kaɗai sai wannan karatu. Burinta bai da tsawo: ta kai Tabara, ta karanta da idonta da bakinta kafin ta kwanta, domin ta ji an ce tana kare mai karanta ta a kabari. Ni ke riƙe mata ƙanena a bakin zauren, ina jin ta tana haɗa baƙi da ƙyar, yatsanta yana bin layi. A daminar nan ta shiga izun Amma, har Malama ta yaba mata a gaban mata.

Dada ce ta fara gane cewa buhun geron nan yana da amfani. Gwiwoyinta sun fara ciwo, Inna ta soma raka ta kasuwa, a zuwan farko kuwa ta lura Malam Sabo bai ko ɗaga ido ya dubi surukarta ba. Lahadin da ta biyo sai ta kira Inna ɗaki, ta ce ta ɗage hijabin, ta ɗaura mata kwalabe. Wanda bai san irin gidajenmu ba zai ce me ya hana ta ƙi. A wurinmu matar ɗa ba ta musu da uwar miji, ba ta haɗa ido da ita, ko abinci ba ta ci a gabanta. Ba ta kuma kai ƙararta wurin miji, in ma ta kai, me zai ce wa uwarsa? Inna mace ce da ko sunana ba ta faɗa saboda ni ce 'yar fari, sai dai ta ce "ke". Irin wannan matar ce za ta buɗe baki ta ce wa Dada a'a? Haka aka yi ta yi, mako bayan mako, har ranar da Malam Sabo ya yi mata waccan addu'a. Da muka koma gida ranar, Inna ba ta ci tuwo ba.

Lahadi ta gaba na fito da ƙore sai na ga hijabin Inna shanye a kan danga, ruwa yana ɗiga daga gare shi. Da asubar ranar ta wanke shi. Dada ta tsaya da kwalabe a hannu, ta dubi hijabin, ta dubi sama da hadari ya rufe, ta dubi Inna da ke durƙushe tana hura wuta. Inna ba ta ƙi umarni ba, ba ta kuma yi ƙarya ba, hijabi dai jiƙe yake. Dada ba yarinya ba ce, ta gane sarai. Ta kuma san dokar Malama, don haka ta yi lissafin cewa in ta matsa, Inna za ta ja da baya. "To ɗauko mayafi mu tafi," in ji ta, "kasuwa ba ta jiran shanya." Inna ta shiga ɗaki, ta fito da tsohon mayafinta na atamfa, ta jera kwalaben a faranti ta ɗora a ka. Haka muka ratsa gari, ta gaban rijiya inda mata ke ɗiban ruwa, ta gaban gidan Malama kansa. A bakin kasuwa Malam Sabo ya ga kwalabe ya yanka rasit, bai yi addu'a ba, bai ma gane ita ce ba. Dada ta kwance bakin zane ta biya tana ƙunƙuni da Fulatanci.

Na ɗauka shi ke nan, ashe an fara ne. Kowace Lahadi hijabi yana kan danga yana ɗiga, kowace Lahadi Dada ta ce a ɗauko mayafi. Mutum biyu a gida ɗaya, suna gaisawa da safe cikin ladabi, ɗaya tana kai wa ɗaya ruwan alwala, amma kowacce ta kafe. Magana ta kai kunnen Malama tun makon farko. Ta yi nasiha a fakaice, ta sake yi, daga baya ta kira sunan Inna a gaban aji. Malama Hafsatu ba muguwa ba ce, tana ganin in ta ɗaga wa mutum ɗaya ƙafa dokar ta rushe. Ta tambaye ta dalili, ta ce in akwai uzuri ta faɗa a duba. Ina bakin zaure da goyon ƙanena, maganar tana kan harshena. Na yunƙura zan shiga, Inna ta juyo ta yi min kallo ɗaya, na koma na zauna. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Babu komai, Malama." Aka ce to ta zauna a gida har ranar da ta shirya bin doka. Ta ɗauki littafinta ta fito, ta karɓi yaron a bayana, muka tafi. Na yi kuka a hanya, na haushi ba na tausayi ba, na ji haushin Malama, na ji na Dada, na fi jin na Inna.

Dada ta ji labari a bakin rijiya, ba a gida ba. Ba ta sauko nan take ba, don taurin kai a jininmu yake. Sai da aka fara girbin gero, wata ranar Asabar da yamma, na ga ta jera kwalaben da kanta a faranti ta rufe da faifai, ta ajiye a ƙofar ɗakin Inna. Ta ce, tana kallon wani wajen, "Gobe kada a ɓata sabulu." Iyakar ban haƙurin da aka yi ke nan, Inna ma ba ta nemi fiye da haka ba. Washegari ta sa hijabinta busasshe, faranti a ka, kowa yana gani. Ranar Litinin ta ɗauki littafi ta nufi islamiyya, muka tarar ana ɗaure kaya a zaure. An mayar da mijin Malama wata makaranta a wajen Kafin Hausa. Ba a sake buɗe islamiyyar mata a garin ba sai bayan shekaru, lokacin Inna tana fama da yara da jinyar Dada, daga nan kuma ido ya fara yi mata hazo. Karatunta ya tsaya a Amma.

Bayan rasuwar Dada, lokacin har na yi aure, na tambaye ta me ya hana ta faɗa wa Malama gaskiya. Tana tsince wake, ba ta ɗago ba. "In ce me? In tsaya gaban matan gari in tona asirin uwar mijina?" Na ce to da sai ta ci gaba da ɗaukar kwalaben, ai ba ita ta ƙulla ba. Ta ce, "Bawan Allahn nan mai rasit saboda Allah ya kau da kai. Ni kuma in bi ta nan in wuce da kaya?"

Yanzu ina zaune a Limawa, cikin Dutse, ina koyarwa a firamare. Hijabi ya zama gama-gari, masu tallan nono ma da shi suke yawo, gardamar ta koma kan tsawonsa da launinsa da ko za a ƙara niƙabi, ana yi a rediyo ana yi a waya, kowa da hujjarsa. In ma'aikatan haraji suka shigo layinmu sai ka ji ana jan ƙofofin shaguna, in sun wuce a buɗe ana dariya, cikin masu dariyar har da 'yan sahun gaba a masallaci. Ba na sa baki a ko ɗaya. Wani lokaci dai nakan yi kewar gidan nan da ake rigima a cikinsa ba tare da an ɗaga murya ba. Inna ta tsufa, tana ƙauye, Tabara kuma a wayar jikanta take sauraro. Tsofaffin garin har yau in ana kwatancenta sai su ce matar nan da aka kora daga islamiyya don ta cire hijabi. Ita kuwa ba ta taɓa gyara musu ba.