Mai Wayit da Kabarin Shatu

Duk wanda ya zauna a unguwar Rusaifa ta Makka ya san Badamasi Mai Wayit, in bai san fuskarsa ba to ya san hon ɗinsa. Wayit dai tankar ruwa ce a bakin mutanen Makka. Shekara talatin da takwas ya yi yana hawa da ita lungunan da ke manne a jikin duwatsu, yana cika wa mutane tankunan gidajensu. A nan aka haife shi. Kakansa ne ya taho daga Haɗeja a ƙafa, shekara bakwai a hanya, kuma Badamasi kan ba da labarin kamar shi ya yi tafiyar, alhali ko masallacin unguwa a mota yake zuwa.

Ba shi da rowa sai a kan ruwa. Ya taɓa tsayar da wayit a tsakiyar titi, motoci jere a bayansa suna kuka, don kawai ya ɗaure famfon ƙofar wani gida da ya ga yana ɗiga. Mai gidan bai ma san shi ba.

Matarsa Shatu 'yar Gumel ce. Ta zo Umara da gwaggonta tana da shekara ashirin, gwaggo ta koma, ita ta zauna. Burinta ɗaya ne a duniya: ta mutu a Makka, a sallace ta a Harami, a kai ta maƙabartar Shara'i. Tsofaffinmu da yawa haka suke, amma nata ya fi na kowa tsanani. Ba ta kwana a wajen iyakar Harami. Ranar sunan jikarta a Jidda ta je, ta yi guɗa, ta ci tuwo, kafin magariba ta riga ta dawo.

"Hajiya," in ji Badamasi, "mutuwa ta san ƙofar gidanki. In ta zo ba kya nan, za ta jira."

"Mai Wayit, kai a ɓagas ka samu garin nan. Ni zuwa na yi."

Mai Wayit take ce masa. Kowa Abu Ayman yake kiransa, amma Ayman ɗan fari ne, ita kuwa kunyar Gumel ba ta bar ta ta kama sunan ɗan fari ba ko da a jikin sunan ubansa.

Shekara biyu da suka wuce zuciyarta ta fara gazawa. Ƙafafu suka kumbura, matakala uku sai ta zauna. Likitocin nan suka ce sai lallaɓawa. Ayman ya ji labarin asibitocin Bankok, babban birnin Tailan, inda mutanen ƙasar nan ke zuwa neman magani, ya yi wata uku yana roƙonta, tana cewa a'a. Ranar da ta yarda, Badamasi ne ya dafa ƙirjinsa.

"Kwana goma kacal. Ni zan kai ki, ni zan dawo da ke. Amana."

Likitocin Bankok suka duba ta ciki da waje, sannan suka faɗi abin da na Makka suka faɗa, sai dai su sun haɗa da rusunawa. Suka ce ta koma gida ta huta. Jirginsu ranar Talata.

Ana nan sai ga Haji Yusoh ya zo gaisuwa. Mutumin kudancin Tailan ne, ya yi karatu a Makka, kuma duk shekara yana rako alhazan garinsu masauki a unguwar Kudai, inda Badamasi ke kai musu ruwa. Hira ta yi hira, ya ciro waya ya nuna masa ruwa fari fat yana zubowa daga kan dutse, abin da Larabawa ke kira shallal. Ya ce bayan garinsu ne.

Badamasi ya kalla sau uku. "Ƙarfe nawa ake kashewa?"

"Ba a kashewa, ya Abu Ayman."

"To ina yake zuwa?"

"Tafiyarsa yake yi."

Washegari Badamasi ya ɗaga tikitin zuwa Juma'a, sai da ya gama sannan ya gaya mata.

"Kwana goma ka ce."

"Haba Hajiya, sha uku ma ai da goma a cikinta. So nake ki gani da idonki, kada a ce ni na ƙara gishiri."

Shekara arba'in da ɗoriya suna tare, ba ta taɓa jin ya roƙi wani abu don kansa ba. Ta ce, "To."

Garin su Haji Yusoh ƙarami ne, Badamasi har yau bai iya faɗin sunansa ba. Titi ɗaya, kasuwar da ke watsewa kafin hantsi, masallacin katako a kan ƙafafu, mata a kan ƙananan babura da lulluɓinsu. Ko'ina itatuwan roba ne, an shanya ƙaronsu a igiya kamar wanki, da wani wari da sai ka kwana biyu kake yafe masa. Da matan garin suka ji baƙuwar daga Makka take, sai suka yi layi suna sumbatar hannunta. Suka kawo mata miyar kifi mai yaji, ta ci tana share hawaye, ta ce rabonta da barkonon kirki tun Gumel.

Ranar Laraba aka ɗora ta a kujera a bayan akori-kura har gindin ruwan. Hawa uku ne, ita ta tsaya a na ƙasa, ta tsoma kumburarrun ƙafafunta. Badamasi ya tsaya baki buɗe, yayyafi na jiƙa masa riga, leɓɓansa na motsi. Haji Yusoh ya ɗauka tasbihi yake yi. Lissafi yake.

"Hajiya! Wayit guda kafin ki gama Bismillah! Duk a ƙasa!"

"To hau ka ɗaure famfon mana."

Ya ce min bai taɓa jin ta yi dariya irin ta ranar ba. Da ta gama ta ce, "Allah mai iko. Na gani. Yanzu kai ni gida."

Alhamis da hantsi, tana zaune a barandar Haji Yusoh ana haɗa kaya, ta jingina da bango, shi ke nan.

Ayman ya yi ta kuka a waya, yana cewa a jira, za a nemi takardun ɗauko ta, mako ɗaya ko biyu. Amma mutanen garin sun riga sun fara haƙa, limaminsu ya ce ba a jinkirta gawa. Badamasi ya tuna sai an sa ta a firiji, sannan a jera ta cikin kaya a cikin jirgi. Zuciyarsa ta kasa ɗauka. Ya ce a binne. Da matan suka buɗe jakarta neman zane, sai ga likkafani a ƙasan kaya, wanda ta wanke da Zamzam tun da daɗewa. Ba ta gaya masa ta taho da shi ba.

Ƙasar ja ce, jiƙaƙƙiya. Ruwa na tsattsafowa cikin kabarin, Badamasi ya shiga da kwanon roba yana kwalfewa, yana kwalfewa yana dawowa, har sai da aka riƙo hannunsa. Mutum arba'in suka sallace ta.

Tun da ya dawo ya ajiye wayit. Malamai sun zo, sun gaya masa ƙasa duk ta Allah ce, kuma ba wanda ya san inda zai cika. Yakan ce, "Sadaƙta, gaskiya ka faɗa, Malam. Na sani, ita ma ta sani. Amma ni na ɗaga tikitin." A masallacin unguwa yake salla yanzu. Harami ya gagare shi, domin bayan kusan kowace salla sai an kira sallar gawa, dubban mutane su miƙe wa wanda ba su sani ba, alhali ita Shatu arba'in ta samu.

So yake ya koma can inda aka binne ta ya zauna har tasa ta zo. Ayman ya kulle fasfon uban a ofis, ya ce ya rasa uwa a ƙasar mutane, ba zai ƙara da uba ba. Kowannensu na da gaskiya, shi ya sa maganar ta ƙi ƙarewa.

Jiya na same shi a ƙofar gida, na ce, "Abu Ayman, mutane na sayar da gonakinsu don su zo su mutu a nan, kai kana neman hanyar fita?"

Ya yi ɗan murmushi, don shi mutum ne mai girmama wasa ko da bai yi daɗi ba.

"In aka kai ni Shara'i," in ji shi, "wurinta na kwanta. Da wane ido?"

Ya tambaye ni ko na san wani wanda Ayman ke jin maganarsa. Na ce zan duba. Ban san kowa ba.