Shafin da Malam Mosabbir ya daina buɗewa

Ranar Talata tara ga Yuli, ana tsaka da ruwa, labari ya iso makarantarmu a Beanibazar cewa Malam Abdul Mosabbir ya rasu bayan azahar. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ina riƙe da alli aka faɗa mini. Malam, akwai maganar da na ɓoye maka shekara biyu, ga shi ka tafi ban faɗa ba.

Shekara talatin kana koya wa masu shirin fita waje Turanci, ni ma a hannunka na koya kafin ka ɗauke ni aiki. Ba darasin da ɗalibai ke so kamar shafi na sha bakwai na littafinmu, shafin kalmomin farawa da tashi. Kakan tsaya bakin ƙofa da lemarka ka nuna musu: "start" na mota ne da aiki, "set off" na wanda ya saɓa jaka ya kama hanya, "depart" na jirgi. Wanda ya cakuɗa su sai ka ce, "Kai, da wannan Turancin ko Dhaka ba za ka kai ba, balle Landan." Daga baya ka saya masa shayi don kada ya riƙe ka a rai. Amma kullum kana jan kunnensu cewa a ƙofar gida ba a cewa "na tafi". "Ina zuwa" ake cewa, yadda iyayenmu suka koya mana.

Ɗanka Tofazzal ya fi kowa iya shafin. Ranar da zai bi ta Libiya zuwa Italiya, ya durƙusa ya taɓa ƙafafunka, ya miƙe yana dariya ya ce, "I am leaving," wato "na tafi". Mahaifiyarsa ta ce, "Ka ce ina zuwa, ja'iri." Direba na ta danna hon, Tofazzal ya fita bai juyo ba. Wata huɗu yana waya, daga nan shiru.

Ba ka sake buɗe shafin ba. Ka ce mini, "Lutfa, ke ki karantar da shi, bakina ya ƙi."

Ga maganar. Shekara biyu da suka wuce Foysol, tsohon ɗalibinmu, ya dawo ya same ni a aji. Kwalekwale ɗaya suka shiga da Tofazzal, kuma a gaban idonsa ruwa ya ci ɗanka. Ya ce ba zai iya tunkararka ba, na ce ni zan faɗa. Sau nawa na zo gaban teburinka, ka ɗago ka ce, "Akwai labari?" in ce babu. Na riƙa ce wa kaina tausayi ne. Wallahi tsoro ne, Malam. Ka bar duniya ba ka yi wa ɗanka addu'ar mamaci ko sau ɗaya ba, kuma ni na hana ka. Tun ranar Talata, in na juya ga allo sai in ji kamar kana bayana kana jiran amsa.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya yafe mini. Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanka mata da ɗalibanka na gida da na waje.

Inna Rokeya, mahaifiyar Tofazzal, jiya a wurin zaman makoki kin riƙe hannuna kin ce a nemo Tofazzal a sanar da shi mahaifinsa ya rasu. Gobe da safe zan zo tare da Foysol. Allah Ya ba ki haƙurin rashin su biyun.