Zagayen Baffa Bayan Tuwon Rana

Jiya likita ya ce jikina ya rage jin insulin, shi ya sa suga ke daɗewa a jinina. Sai na tuna Baffana, mai sayar da albasa a Kasuwar Ose, Anacha. Shi ma haka aka gaya masa. Tun ranar, in ya ci tuwon rana sai ya zaga kasuwa da ƙafa, rigarsa sharkaf da gumi tana warin albasa.

Wata rana ina biye da shi ina haki, wani mai keken haya ya tsokane shi: "Alhaji, rowa ce?"

Ya ce, "Ɗana, jikina kunnen ƙashi gare shi, sai na taka yake jin magani."

Kafin ya rasu, rabin 'yan layin albasa tare da shi suke zagayen. Allah ya haskaka makwancinsa, ni kuma ya ara mini ƙafarsa.