Shaidata a Kan Mai Saran Rakenmu

Shekaru sun ja, abubuwa da yawa sun gushe mini, amma har in koma ga Allah ba zan manta ranar da na tsaya a kotu a Zariya ba, ina ba da shaida a kan mutumin da ya kashe mijina.

Ƙauyenmu yana kusa da Dandamisa. Mijina manomin rake ne, yana kuma dafa mazarƙwaila. Mutumin nan ɗan maƙwabciyarmu ne, shi ke yi mana sara kowace shekara, kuma ba mai hayaniya ba ne. A shekarar ƙarshe ya canza. Ya fara cewa ana kiran sunansa daga cikin rake. In na kai abinci gona, ba ya ci sai na ɗanɗana a gabansa. Kowa ya gani, amma saboda mutuncin tsohuwarsa ba wanda ya kira abin da sunansa, sai dai a ce ba ya ɗan jin daɗi. An yi masa rubutu, an yi hayaƙi, ba a kai shi asibiti ba. Tsohuwar ta ɓoye addarsa. Mijina ya je ya roƙe ta, ya ce zaman banza ne ke ƙara masa ciwon, a bar shi ya koma aiki. Da kyakkyawar niyya ya karɓo addar.

Da ita ya sare mijina wata safiya a fadama, ya kuma sare wani mai sayen rake daga Hunkuyi. Waɗanda suka je sun tarar da shi yana ɗaure damin rake kamar ba abin da ya faru. Labari ya bazu daga Makarfi har Ikara, aka yi ta ƙari. Wasu suka ce matsafi ne, wasu suka ce ya daɗe yana kisa. Iyaye mata suka riƙa tsorata yara da sunansa.

Shari'a ta daɗe. Likita ya yi bayaninsa, amma ana son jin wanda ya san shi kafin abin ya faru, kuma ni ce mai kai masa abinci. Kafin mu tafi, yayan mijina ya kira ni zaure ya ce, "Ki ce lafiyarsa ƙalau. In kika ce mahaukaci ne, jinin ƙanena ya tafi a banza." Gaskiya ni ma a lokacin so nake a rataye shi.

Muna zaune a barandar kotu aka wuce da shi da ankwa, ya rame ƙwarai. Da ya gan ni sai ya rusuna kamar yadda ya saba, ya ce, "Uwargida, ina kwana? Ina maigida? Ki ce masa raken bakin rafi ya isa sara, kada ya lalace." Na dubi idonsa ina neman alamar wasa ko wayo. Babu. Jira yake in ba shi amsa.

Da aka rantsar da ni, na faɗi abin da na sani: kiran da yake ji, ɗanɗanon abinci, da yadda addar ta koma hannunsa. Ban ƙara ba, ban rage ba. Alƙali bai yanke masa kisa ba, ya ce a tsare shi inda za a riƙa yi masa magani. Yayan mijina bai sake taka ƙofata ba har ya rasu.

Ban ce na yafe masa a ranar ba. Ƙarya ce kawai na kasa yi. Abin da na koya shi ne, rufin asirin da ke hana magani ba tausayi ba ne. Duk garinmu mun san ba shi da lafiya, amma sai da aka binne mutum biyu kafin ɗayanmu ya faɗa a fili.