Igiyar Mutanen Tudu

Ruwa ake yi ranar, irin na Manchester wanda ba ya tsananta kuma ba ya ɗaukewa. Na shiga wani kanti a Rusholme in sayi garin masara, sai na taka tabarmar goge ƙafa da ke bakin ƙofa. Ta jiƙe sharkaf, ƙamshinta ya taso. Na tsaya cak, har mai kantin ya tambaye ni ko lafiya. Ƙamshin igiyar kaba ne, wadda aka zaro daga rijiya yanzu-yanzu.

Ƙauyenmu yana bakin kogi, a kwari. Idan ka yi tafiyar yini guda zuwa arewa, akwai wani ƙauye a kan tudu, a wata ƙasa, ko da yake a lokacin ban san wata ƙasa ce ba. Muna ce musu mutanen tudu, suna ce mana mutanen kwari. Su rashin ruwa ke damunsu, mu yawansa.

Kowace shekara, da an gama girbin gero, wani dattijo daga cikinsu yakan zo a kan jaki da igiyar rijiyarsu a naɗe. Ba ya kawo wasiƙa. Idan ya sha fura ya huta, sai Kaka, mahaifin babana, wanda shi ne mai unguwa, ya sa a shimfiɗa igiyar a ƙofar gida. An yi mata ƙulli a daidai inda take tsayawa a bakin rijiya idan guga ya taɓa ruwa. Kaka zai ware hannuwansa ya auna ta gaba-gaba, yana ƙirgawa a fili, kowa na ji. Idan gaba goma sha biyu ce, dabbobinsu kawai za su gangaro da rani. Idan ta kai sha biyar, har mata da yara. Shekarar da ta kai sha bakwai, Kaka ya sake aunawa, sannan ya ce a kira masu gidaje. Ya san garin gaba ɗaya ne zai taso.

A yinin nan ake gama komai. Gidan wane zai sauki iyalin wane. Ba za a kwashe karan gonaki ba, a bar wa shanu. Wannan yanki na fadama nasu ne, su dasa albasa. Wannan mashaya ta dabbobi ce, waccan ta wanki. Kada ka ɗauka zaman lafiya ne zalla, domin ana faɗa sosai. Ina tune da baffana ya zo yana huci, shanun baƙi sun cinye masa kwamin albasa uku, yana cewa bana ce ta ƙarshe. Kaka bai ɗaga kai daga igiyar da yake tufka ba. Ya ce, “Bara da ruwa ya ci ɗakinka, a ɗakin wa ka kwana?”

Abin da yake nufi ke nan: hanyar ba ta gangara kaɗai ba ce. Idan damina ta yi nisa, kogi ya fara lasar saiwar tsamiyar bakin gari, mu ne muke hawa tudu. Sau biyu aka tafi da ni. Na farko Goggo, ƙanwar babana, ita ta goya ni rabin hanya. Ba na mance sanyin yashin tudu da safe, da ɗanɗanon ruwansu mai kanwa-kanwa, da yadda muka tarar an riga an share ɗakuna an yayyafa ruwa. Ba wanda ya yi mana jaje, sannu da zuwa kawai aka yi mana. Goggo da 'yar dattijon nan mai kawo igiya ƙawaye ne, tabarma ɗaya suke kwana.

Na girma na yi aikin rediyo shekaru masu yawa. Ni ce nake karanta labaran fari da ambaliya, da muryar da ba ta rawa. Yanzu tafinta nake yi a wani asibiti a nan Manchester. A bara 'yan uwa daga gida suka gayyace ni wani taro a Lozells, a Birmingham: likitoci, injiniyoyi, da wasu iyaye mata da suka zo kai tsaye daga coci. Ƙasashen yankinmu sun tsara daftari kan mutanen da sauyin yanayi ke tayarwa daga garuruwansu, ana neman ra'ayin mazauna waje. Na karanta shi duka a jirgin ƙasa. Gaskiya an yi aiki, akwai taswirori, akwai gargaɗin gaggawa ta waya. Amma ƙashin bayansa guda ne: kowace ƙasa ta ƙirga nata, ta tsugunar da nata. Batun tsallaka iyaka an bar wa wani kwamiti da zai zauna nan gaba.

Aka ba ni minti uku, na ba da labarin igiyar. Na ce ga tsari mai awo, mai rabon aiki, mai alƙali, kuma yana tsallaka iyaka ba tare da kwamiti ba. Aka tafa. Shugaban taron, wani likita mai kirki, ya ce, “Anti, wannan beautiful ne wallahi. Za mu sa shi a introduction.” Can aka sa shi, a gabatarwa, inda ake ajiye abin da ba za a yi aiki da shi ba.

Da daminar bana kogi ya shiga gari. Goggo ta tsufa, mijinta ya rasu, ɗakinta ya zube. Aka kwashe su, ita da sauran mutanen gari, zuwa makarantar firamare, mutum fiye da yadda aji zai ɗauka. Washegari jikan dattijon nan na tudu ya kira ni a waya, ban ma san yana da lambata ba. Ya ce an share ɗaki, tsohuwar ƙawarta tana jira, zai zo da babur ya ɗauke ta.

Na ce ya dakata.

Wannan ne abin da nake so ka riƙe, mai karatu, domin ba gwamnati ce ta ce ya dakata ba. Ni ce. Na san an fara gwada tsarin da ke cikin daftarin nan a yankinmu, kuma duk wanda sunansa ya shiga rajista za a ba shi fili a sabon matsuguni. Na kira wani injiniya da muka haɗu a taron, cikin kwana biyu sunan Goggo ya shiga. Har na yi alfahari. Sharaɗin da na karanta da idona amma ban auna nauyinsa ba shi ne, ana ƙirga mutane kowane mako, wanda ba a same shi ba a soke shi. Wanda ya tsallaka iyaka kuwa ya fita daga wannan rajista bai shiga waccan ba, domin rajistocin biyu ba sa magana da juna.

Makonni suka shuɗe tana kwana a kan siminti, ƙarƙashin allo, da ciwon gwiwa. Da na kira ta, ba ta yi mini ƙorafin siminti ba. Ta ce, “Ke 'yar nan, sun share ɗaki na ƙi zuwa. Kin san me ake nufi da haka? Na gaya musu ba ma bukatarsu ke nan. To ranar da rijiyarsu ta ƙafe, da wace fuska za su gangaro?”

Na fara yi mata bayanin fili. Ta ce, “Filin yana ina?” Ban san inda yake ba. Har yau ba a yanka shi ba, ana jiran masu awo, shugaban makarantar kuma yana son ajinsa. Kwamitin iyaka an ɗage zamansa. Jikan dattijon ya daina kira, idan na kira shi ya gaishe ni da ladabi sosai, irin ladabin da ake yi wa baƙo.

Ba na cewa a koma zamanin jaki. Ruwan yanzu ya fi na da hauka, mutane sun ninka, tsari na bukatar hukuma. Abin da ke ci mini rai shi ne mun samu hanya a share, muka gina ofis a kanta, muka ce a jira a buɗe hanya.

Makon jiya aka aiko mini da daftarin ƙarshe, in fassara shi in naɗi muryata don gidajen rediyon yankin. Na yi nisa, sai na zo wata jimla: za a wayar da kan al'ummomin kan iyaka game da muhimmancin taimakon juna. Fassarar daidai take, babu harafin da zan gyara. Kwana huɗu ke nan ina kunna na'ura ina kashewa. Goggo tana da ƙaramar rediyo a ajin nan, kuma ta san muryata.