Ranar da Baba ya shiga layin mata

Daga Nguru aka kai ni aure Gashuwa, gidan iyayen mijina, kusa da kogi. A can na haifi tagwaye, mace da namiji. Surukina manomin shinkafa ne, kowa Baba yake ce masa. Da damina ƙafafunsa kullum rudu-rudu suke saboda cizon sauro.

Baba ba ya son rigakafi. Ba ya faɗa da kowa, amma in ma'aikatan lafiya suka yi sallama sai ya ce yaran na barci, ko da ana jiyo kukansu daga zaure. Ni kuwa kunya ba ta barina in yi magana.

Tagwayen na dab da yaye, wata safiya mai shela ya zaga unguwa yana cewa za a yi allurar ƙyanda a ƙofar gidan bulama, wato mai unguwa, kuma kowane yaro da gidan sauronsa. Ina wanke-wanke na ji Baba yana tambayar surukata, "Kowane yaro ya ce? Namu fa biyu ne."

Kafin in nemo mayafi har ya saɓa namijin a kafaɗa. Na goya macen, na bi shi nesa-nesa. Shi kaɗai ne mai gemu a layin. Mata suka yi ta tsokanarsa, yana ta duban sama kamar mai lissafin hadari. Da aka zo kanmu yaron ya tsala ihu, Baba ya runtse ido. Malamar asibitin ta shafa musu tawada a yatsa, ta miƙo gidajen sauro biyu, ta ce a shanya su a inuwa kwana ɗaya kafin a ɗaura.

Na shanya biyu, washegari na tarar da ɗaya.

Bayan mako guda malamar ta biyo gida-gida tana duba ko an ɗaura. Ta leƙa ɗakina, ta ce ina ɗayan. Ina ta kame-kame sai ga Baba.

"Yana ɗakina, 'yata," in ji shi. "Na ga ɗaya ya ishe su."

"Baba, na yara ne," in ji malamar.

Sai ya ce, "To, ku ba kwa yi wa tsofaffi allurar?"

Dariya ta sa sai da malamar ta dafa bango. Surukata ce ta raba gardamar, ta ce dama lokacin yaye ya yi, namijin ya koma ɗakinsu ya kwana a ƙarƙashin gidan sauronsa, in ya so ya sam wa kakansa waje. Malamar ta ce ta yarda.

Haka aka yi. Yaron ya shekara uku a ɗakin, kullum da safe Baba na kawo mana ƙarar irin shurin da ya sha. Daga baya ma katin rigakafin tagwayen a aljihun babbar rigarsa yake zama, shi ke tuna mini ranar komawa asibiti.